Ranar da Aka Kusa Plastifiye Katin Baban Hajiya

Ranaku da yawa sun wuce a aikin nan na manta da su, amma ranar da Hajiya Mariyama ta shigo shagonmu riƙe da gwangwanin alawa, wannan kam ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Tunda ku biyun za ku fara zaman kanta a wikend ɗin nan, gara ku ji labarin daga bakina. Idan oga ne ya ba ku, rabinsa zai cire.

Bari in fara da tsarin shagon, don na san sai kun tura wa wasu wannan a waya, su kuma ba su san mu ba. Muna nan ƙasar Turawa, a kan titin Gate City Boulevard, tsakanin wani mai sayar da tayoyi da kantin kayan miya na 'yan Afirka. A allo an rubuta kan sarki da tsofaffin kuɗi, amma ainihin abin da oga yake so tsofaffin wasiƙu ne, musamman na lokacin yaƙi. Oga shi ne Mista Harlan, dattijo ne Bature, gidansa yana can Pleasant Garden. Shi ke tantance kaya, ya ce wannan na gaske ne, wannan jabu ne. Ƙasa da shi akwai mai rubuta bayanin kaya, sannan mai ɗaure kaya ya kai gidan waya. Ni da ɗaure kaya na fara. Ban yi makarantar abin nan ba, ban ma san akwai makarantarsa ba. Da bidiyo na koya, da tsofaffin littattafan gwanjo da oga yake zubarwa ni kuma ina kwashewa. Da ya gaji da tambayoyina sai ya mayar da ni teburin bayani, wai in dinga rubuta surutuna maimakon in cika masa kunne.

A duk kayan shagon, wasiƙun fursunonin yaƙi ne suka fi kama ni. Mutane suna zaton kan sarki muke nema. To wasiƙar fursunan yaƙi galibi ba ta da kan sarki ma, kyauta ake kai ta. Kati ne da aka buga musamman, layukansa 'yan kaɗan, ba ka da ikon wuce su. Kafin ya fita daga sansani sai wani jami'i ya karanta, in ya ga abin da bai yi masa ba ya shafe da baƙar tawada, sannan ya buga hatiminsa. Gidan wayar da katin ya ratsa shi ma ya buga nasa. Saboda haka mu ba rubutun kaɗai muke karantawa ba, har hanyar da katin ya bi muke karantawa. Wallahi akwai daɗi. Ka riƙe 'yar takarda da ba ta kai tafin hannunka ba, ka ga ta ƙetare teku ana tsakiyar yaƙi.

Dokokin taɓa su kuwa ba su da yawa. Hannu a wanke, a bushe. A ɗaga da matsefata mai faɗin baki. Ba a gogewa, ba a guga, ba a manna salatif ko da takardar tana rabewa a gabanka. In an gama dubawa sai a zura ta cikin wata leda mai kauri da aka yi don wannan aikin, buɗaɗɗiya ta gefe, yadda duk ranar da aka so za a zaro ta lafiya.

Ranar wata Juma'a ce da hantsi, lokacin zafi. Washegari akwai baje kolin masu tara kan sarki a wani gari, don haka tun daren Alhamis mun loda kusan komai a motar shago. Ina kanta ni kaɗai, oga yana ciki, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama da Hausa. Na miƙe na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne ɗan Hausan da aka ce yana aikin tsofaffin takardu?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Nura sunana."

"Ɗan ina ne?"

"Kano."

Sai ta ajiye gwangwanin ta riƙe haɓa. "Wayyo ni! Duk garin nan a rasa wanda zai duba mini kayan ubana sai Bakano? To ka ji, ni 'yar Damagaram ce. Ka wanke hannu, kuma ina ƙirga yatsunka kafin in fita."

Kun san tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa, ko da tsohuwa ce ana ramawa. Na ce, "Hajiya, ai mu ba ma ɗaukar kayan Damagaram, mun san daga wajenmu kuka samo."

Ta yi dariya har da tafi, ta zauna. Ta buɗe gwangwanin, ta warware wani farin ƙyalle, ta warware wani a cikinsa. Da na ga abin da ke ciki, sai na matso kusa na sake dubawa.

Katin fursunan yaƙi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Bugun Jamusanci da Faransanci a sama, hatimin mai tantancewa shuɗi-shuɗi a gefe, rubutu da fensir. Adireshin kuma Zinder, wato Damagaram, ta hannun kwamandan gari, saboda a lokacin gida ba shi da lamba. Na sha karanta cewa sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, da Jamusawa suka kama su a cikin Faransa suka tsare su, ba su kai su can ƙasar Jamusawa ba. Karantawa kawai nake yi. Ban taɓa ganin katin ɗayansu da idona ba sai ranar.

Na ƙwala wa oga kira. Ya fito yana goge gilashi, ya sunkuya ya duba katin da kyau. Shi da ya tsufa a harkar, ya ce irin wannan ba kasafai yake gani ba.

Hajiya ta ba mu labari, ina fassara wa oga. Babanta Mamman sojan Faransa ne, irin waɗanda suke kira ansiyan kombatan, wato tsohon soja. Bai iya boko ba, wani abokin zamansa a sansani ne ya rubuta masa. Babu wani abu a ciki sai gaisuwa. Yana lafiya, a gaida innarsa, a gaida matarsa, a gaida jaririn da ya bari. Jaririn nan shi ne yayanta, Malam Ilya. Ita bayan baban ya dawo aka haife ta. Yanzu Malam Ilya ya tsufa tukuf, yana kwance a Zinder, ido ya tafi, kuma ya aiko cewa yana son a kawo masa katin. Jirginta ranar Lahadi.

Oga ya ce in tambaye ta, sau ɗaya kawai, ko za ta taɓa sayarwa. Na tambaya.

Ta ce, "Ka tambaye shi, a garinsu uba ake sayarwa?"

Na fassara. Ya yi murmushi ya ɗaga hannu biyu, bai sake tayar da zancen ba har yau.

Damuwarta ɗaya ce. Katin ya taɓa lanƙwashewa a tsakiya, wajen ya fara rabewa, tana tsoron kada ya ƙarasa a hanya. Oga ya ce abu ne mai sauƙi, a sa shi a ledar nan tamu. Na juya na ce, "Hajiya, ya ce a sa shi a leda mai kauri, shi ke nan." Na duba ƙarƙashin kanta, babu ko ɗaya daidai girmansa, duk suna cikin mota a ƙasan akwatuna. Na ce ta ɗan jira in tono.

Ta ce, "A'a, bar wahala. Plastifiye ke nan ko? Ai muna da mai yi. Malam Idi, can wajen tashar bas. Duk takardunmu shi ke mana. Da an sauko daga masallaci ya buɗe zan kai."

Ni dai na ji kalma mai kama da filastik, ga shi zancen leda muke yi. Na ɗauka wani shago ne da ke sayar da irin ledarmu. Na ce, "Madalla, haka ma ya yi." Ta naɗe kayanta, ta ce ta ƙirga yatsuna sun cika, ta tafi. Ba mu karɓi lambarta ba, don a tsarinmu sai wanda ya bar kaya ake karɓar lambarsa.

Da lokacin salla ya yi, abokina Abdu ya zo ya ɗauke ni, don motata tana wajen makaniki. Abdu ɗan Maraɗi ne, yana sayar da motoci a wani fili nan gaba da mu. Tun daga tafiya har dawowa labarin katin nake ba shi, hatimi kaza, hanya kaza, shi dai yana cewa "to, to" yana tuƙi. Mun iso ƙofar shago zan sauka, na ce, "Yanzu haka ma ta kai a plastifiye shi."

Ya ce, "Wala, shi ke nan, ta yi dabara. Ko ruwa ya faɗa ba abin da zai same shi. Ga nawa." Ya zaro walat ya nuna mini wani tsohon katinsa na makaranta, an rufe shi ruf da roba, gefe huɗu a narke.

Na ce, "Abdu, wannan ai laminatin ne."

"Ku kuke ce masa haka. Mu plastifiye muke cewa."

Nan take na gane kuskuren da na yi. Ku da ba ku sani ba, laminatin zafi ne da gam. Robar narkewa take yi ta shiga jikin takarda. In an yi an yi, babu wanda zai iya cire ta ba tare da ya ɗaye fuskar takardar ba. Ga tsohuwar takarda mai rubutun fensir, ga tsaga a tsakiya.

Abdu ya kira Malam Idi, wayar tana ta ringin ba a ɗauka. Ya ce tabbas tun masallaci ya kashe mata ƙara ya manta. Shi kuma kwastoma yana jiransa, ba halin ya kai ni. Ya kwatanta mini wajen, na faɗa shago da gudu.

Oga yana cin burodinsa na rana. Na ce masa kalmar da matar nan ta faɗa, laminatin take nufi. Ya ajiye burodin a kan littafin da ya hana kowa ajiye ko kofi a kai. Ya ce, "Juya allon ƙofa. Shiga mota."

To a nan ne wajen da yake cirewa in yana ba da labari. Mutumin nan hankalinsa a tashe, yana ta cewa "ya Allah, ya Allah" da Turanci, amma bai ƙara ko kaɗan a kan gudun da doka ta ce ba. Fitila ta nuna ruwan ɗorawa tun muna nesa, ya taka birki. Na ce, "Oga, da mun wuce fa." Ya ce shi tunda yake ba a taɓa ba shi tikiti ba, kuma akwai kayan mutane a bayan motar. Ni kuwa ƙafata sai danna ƙasan mota take yi kamar a wajena totur yake.

Muka isa cikin gari, ya tsaya neman fakin, ni na dira. Shagon Malam Idi ɗan ƙarami ne, ana hoton fasfo, ana fotokofi, ana cike wa mutane takardu. Ina shiga na ji warin robar da ta yi zafi. Injin yana kan tebur, fitilarsa ja, ana jiran ta koma kore. Katin yana cikin robar an riga an zura shi. Hajiya tana kan kujera tana ba Malam Idi labarin wani biki.

Ko sallama ban gama ba na ce, "Malam, don Allah kada ka sa!"

Malam Idi ya dube ni sama da ƙasa. Babban mutum ne, da furfura a gemu. Ya ce, "Samari, ba a gaisuwa a garinku?"

Hajiya ta ce, "Bakano ne, yi masa haƙuri. Kai, me ya koro ka? Ba kai ka ce madalla ba?"

Na gaishe su yadda ya kamata, na durƙusa gefen kujerarta, na yi bayani. Na ce ledar da muke nufi daban, wannan daban. Na ce wannan in ta kama ba ta saki.

Ta ce, "To ai abin da nake so ke nan, kada ta saki."

Malam Idi ya ce, "Tun kafin a haife ka nake wannan aiki. Takardar haihuwa, difloma, takardar aure, wa ya taɓa dawowa ya ce na ɓata masa?"

Oga ya shigo yana haki, ya fara jero bayani da Turanci a kan gam da zafi da yadda robar take yin ja in ta daɗe. Ina fassarawa, Hajiya tana kaɗa kai. Da ya gama sai ta gyara zama.

Ta ce, "Ka gaya masa ya saurara. Katin nan ba shi kaɗai ba ne. Da yawa baba ya aiko, inna ta adana su a ƙasan akwati. Wata shekara aka buɗe, gara ta cinye su, sai gari. Wannan ya tsira ne don yana wajena. Takardun gidanmu da suka rage yau, duk waɗanda aka plastifiye ne. Shi ya san gara? Ya san ɗaki ya yi yoyo da damina? Ya san jikoki masu hannun miya? Can zan kai shi fa, ba gidansa mai sanyin inji ba."

Na fassara duka, ban rage ba. Oga ya ce, "Tana da gaskiya." Wallahi ni ma duk abin da na karanta babu inda aka yi zancen gara. Fitilar injin ta koma kore. Malam Idi ya ɗora hannu a kan robar yana jiran umarninta.

Sai na ce, "Hajiya, in tambaye ki. Malam Ilya kin ce ba ya gani."

"Ba ya gani."

"To da me zai duba katin?"

Na ce, "Da hannu zai duba. In aka rufe, roba zai shafa, irin ta katin kowa. Takardar da baba ya riƙe a can, babu wanda zai sake taɓa ta, har shi."

Hajiya ta kalli katin ta daɗe. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Malam Idi ne ya warware mana. Ya janye hannunsa, ya kashe injin, ya ce, "Bon, to Hajiya, ga shawara. In ɗauki hotonsa mai kala, gaba da baya, in buga miki kofi da yawa. Su zan plastifiye. Kowane gida a ba su ɗaya, jikoki su yi ta ja da hannun miya. Na ainihin kuma a sa a ledar su Bakano, a mayar gwangwani a rufe. Gara ba ta cin ƙarfe."

Na fassara wa oga. Ya ce shi da ya yi shekaru yana faɗa da masu laminatin, bai taɓa tunanin ya haɗa kai da ɗayansu ba. Ya miƙa wa Malam Idi hannu.

Aiki ya rage a zaro katin daga robar, don ko ba a sa a inji ba tana ɗan kama takarda. Matsefata tana aljihuna, na ciro ta. Oga ya karɓa, ya buɗe robar kamar littafi, ya ɗaga katin a hankali ta gefen da ba tsaga. Sannan muka fita ni da shi muka sauke akwatuna a bakin titi, mutanen da ke jiran bas suna kallonmu, har muka kai ga ledojin. Ya zaɓo mai kauri, ya haɗa da kwali marar sinadari da zai tallafi bayan katin. Na nuna wa Hajiya yadda ake zurawa da yadda ake zarowa, na sa ta yi da hannunta har ta iya.

Ta ce nawa ne. Oga ya ce kyauta. Ta ce, "Shi na gode masa. Kai kuwa da ka ce madalla, Allah ya shirye ka."

Bayan 'yan makonni ta kira lambar shago daga Zinder, ni na ɗauka. Ta ce da ta isa, don ta gwada, kofin da aka plastifiye ta fara miƙa wa Malam Ilya. Ya shafa ya ce, "Mariyama, wannan katin asibiti ne ko me?" Sai ta zaro na ainihin ta ɗora masa a tafin hannu. Ya bi gefensa da yatsa, ya tsaya a kan tsagar, ya ce inna ce ta lanƙwasa shi, a bakin zaninta take ɗaure shi. Ita kanta ba ta san wannan ba. Ya sa aka karanta masa gaisuwar, ya riƙe katin har la'asar.

Tun daga lokacin muka canja abu biyu a shago, kuma su nake so ku riƙe. Na farko, ba wanda zai fita da tsohuwar takarda tsirara, ko da ba zai sayar mana ba, ko da sai an sauke mota. Na biyu, ba ma cewa leda da baki. Ɗaukowa muke yi mu nuna, mu zura, mu zaro a gaban mutum, don Hausar Kano da ta Zinder da ta Kumasi duk nan suke shigowa, kuma kowa yana zaton ya gane ɗan'uwansa.

Sannan in kun ga wani ya kawo takarda da salatif a jiki, ko an goge ta da dutsen guga, ko an rufe ta da roba, kada ku yatsina fuska. Mu a littafi muka koyi adana takarda. Su da gara da ruwa da ƙaura suka yi ta fama, da abin da ke hannunsu, har takardar ta iso kantarmu. Ku fara tambayarsu me suke tsoro, kuma wa za su kai wa. In kun ji amsar, sannan ku ɗauko matsefata.